Teku a Bakin Makabartar Mkandaa

Mkandaa,
Maris, 1997.

Zuwa ga ɗana Mwinjuma ɗan Shekue,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da ban taɓa sa wa ido ba, da yaran da aka ce sun kai uku. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata da ke kuka duk lokacin da zan yi ruku'u, da Mzee Pandu dattijon gari da kunnensa ya ƙarasa toshewa, sai abin da ya ga dama yake ji.

Kada ka yi ta juya takardar kana neman wace ce. Ni ce Mwanaidi matar marigayi Faki. Ubanka ɗan baffana ne, saboda haka gwaggonka ce ni ko ka so ko ka ƙi. Shangazi kake ce mini lokacin da kake zuwa satar ɗanyen mangwaro a bayan ɗakina. Rubutun kuwa na yaƙi da jahilci ne, ka yi haƙuri da shi.

Ba marmarinka ne kawai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Teku ya iso makabarta. Ka tuna itatuwan kwakwar nan biyu da ake ajiye makara a gindinsu? Sun faɗi, saiwarsu na kallon sama. Tsakanin bakin ramin da ruwa ya ci da sahun kaburbura na farko, yanzu ko tabarma ba za ta shimfiɗu ba. A sahun nan Faki yake. Mahaifiyarka Mwatime tana sahu na biyu, bayansa kaɗan.

Da can in ruwa ya yi mana haka, sai maza su shiga kurmin mikoko, itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, su saro sanduna a kafa, a cusa duwatsun teku a tsakani, a samu sauƙi na ɗan lokaci. Tun da aka mai da bakin ruwan nan gandun gwamnati, ko tsinke ka ɗauka ka shiga uku. Watan jiya samari suka kafa sandunan duk da haka, masu gadin gandu suka zo suka tuge, suka loda a kwalekwale. Na ce wa babbansu, "To ɗana, da me za mu tare ruwan? Da zanena?" Ya ce, "Mama, ku jira kwamiti." Bara ma sun shuka mana 'ya'yan mikoko a gaban makabartar, aka yi tafi aka ɗauki hoto, ruwa ya kwashe su tun ba su yi ganyen kirki ba.

Wannan kwamitin shi ne maganar. An ce gwamnati za ta aiko mutane su duba aikin da aka yi a gaɓa, su yanke inda za a gina katangar dutse. An kuma ce kai a ma'aikatar kake, kullum kana tare da manya. Duk garin nan kai ake kallo. Ka yi musu magana su gina mana ita a nan, kafin iskar kusi ta taso daga kudu ta koro mana ruwa.

Shangazinka,
Mwanaidi.

*

Dar es Salaam,
Afrilu, 1997.

Shikamoo, Shangazi.

Takardarki ta same ni lafiya, kwandastan motar garinmu ne ya kawo mini har gareji. Matata Mwajabu tana gaishe ki, ta ce ba laifinta ba ne da ba ki gan ta ba, ni ne ban kawo ta ba, kuma ta yi gaskiya. Yara biyu ne, ƙaramin yana tari amma da sauƙi. Allah Ya ba gwiwa lafiya. Ban manta da ke ba, ban kuma manta da bulalar da na sha a kan mangwaron ba.

Shangazi, ban san wanda ya gaya muku ni wani ne ba. Direba ne ni. Gaskiya ne kullum ina tare da manya, amma ƙeyata kawai suka sani. In na buɗe baki a mota sai a ce in kula da hanya. Kunnena ne dai ba a hana shi aiki ba, ga kuma abin da ya tsinto.

Kuɗin da ke ƙasa na katanga ɗaya ne. Masu nema uku: makabartarmu, da rairayin da kunkurun teku ke yin ƙwai, da matsayar jiragen baƙi masu yawon buɗe ido. Kwamiti zai zaga duka, inda ya ga ya fi lalacewa nan za a gina. Ba labari za su saurara ba, abin da idonsu ya gani da abin da hoto ya ɗauka shi za su rubuta.

Saboda haka ki ji ni da kyau. Kada ku taɓa komai. Kada ku cike rami, kada ku ja kwakwar da ta faɗi, kada ku share. Ku bar wurin da muninsa su gani. Na san halin garinmu, ko gawa ce a ɗaki, in baƙo ya yi sallama sai a ce lafiya lau a ɗora tukunya. Wannan karon don Allah ku ajiye wannan halin.

Maganar masu gadi kuma, na ji zafinta, amma mu faɗi gaskiya mu ma da hannunmu a ciki. Ina yaro kurmin mikoko ya rufe gaban makabartar nan, ba a ko hango ruwa. Babana da kansa ya cika jirage da sanduna ya sayar, aka kuma ƙone duwatsun teku aka yi farar ƙasa. Abin da ke tare mana igiyar ruwa mu muka cire shi.

Ki gaida Mzee Pandu da ƙarfi yadda zai ji.

Ɗanki,
Mwinjuma.

*

Mkandaa,
Mayu, 1997.

Marahaba, na amsa gaisuwarka ta shikamoo, ko da yake sai da na kwana ina shawarar ko in amsa. Ina fata tarin yaron ya wuce, a ba shi zuma da lemun tsami.

Wato na kawo maka kuka ka mayar mini da cewa alhakinmu ne ke bin mu. Ubanka yana kwance ba ya iya kare kansa, kai kuma ka tone shi a takarda. Da kuɗin sandunan nan aka saya maka wandon makaranta, in ka manta.

Kusi ta taso, kuma cikar ruwan da ta biyo tsayuwar wata ta buɗe sahun farko. Aka taru a gindin mangwaron masallaci, na karanta musu takardarka, na tsallake maganar ubanka. Vuai masunci ne ya riƙa ɗaga murya a kunnen Mzee Pandu yana maimaita masa. Da ya gane sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Mu bar iyayenmu tsirara baƙi su zo su ɗauke su hoto? Ɗan Shekue ne ya ce haka? Lallai birni ya cinye masa kai."

Vuai ya ce, "Mzee, in ba su gani ba fa ba za su gina ba."

"Kai rufe mana baki. Uwarka tana gida tana kankare kwakwa, shi ya sa bakinka ke da kaifi. Bari ta kwanta a can mu ji ko za ka kira mai hoto."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Liman ya ce suturta mamaci wajibi ne, bai taɓa karanta inda aka ce a jira kwamiti ba. Ni ce na tashi na kare ka, duk da haushinka da nake ji. Na ce ɗana ba mahaukaci ba ne, shi ya san yadda mutanen nan suke aiki. Mata suka yi mini ca, wai ni da mijina ke bakin ramin ni ce zan faɗi haka.

Daga nan na wuce makabartar ni kaɗai. Mwinjuma, na ga ƙafar Faki. Likkafani ya daɗe da zama ƙasa, ƙashin ne kawai ya leƙo daga jikin gaɓar, ƙaguwa na yawo a kai. Duk zaman aurenmu ban taɓa bari mutumin nan ya fita da riga a yage ba. Na cire mayafina na rufe shi, na zauna na yi kuka har ruwa ya fara dawowa.

Kai da kake ba da umarni daga kujerar mota, gaya mini yadda zan yi. Ba mu yanke komai ba tukuna. Ka amsa da wuri.

Mwanaidi.

*

Dar es Salaam,
Yuni, 1997.

Shikamoo, Shangazi. Muna lafiya, tarin ya tafi.

Wallahi ban ce alhaki ne ke bin ku ba, ki sake duba takardar. In na ɓata miki rai ki yafe mini. Labarin Mzee Faki ya hana ni cin abinci.

Ba cewa nake a bar ƙashi a fili ba. Ku rufe wanda ya bayyana da tabarma ku danne da dutse, in sun zo liman ya ɗaga gefe ɗaya ya nuna wa babbansu shi kaɗai, ba hoto. Amma gaɓar da ta rushe da kwakwar da ta faɗi ku bar su yadda suke. In sun tambaya kada a ce lafiya lau. Ku sa Vuai ya yi magana, ku zaunar da Mzee Pandu nesa.

A farkon watan gobe za su zo, ta ruwa. Na so a sa ni cikin tafiyar, amma an tura ni Dodoma da wani babba.

Ɗanki,
Mwinjuma.

*

Mkandaa,
Yuli, 1997.

Marahaba, ɗana. Na yafe, ni ma bakina ya yi tsawo. Muna lafiya, gwiwa ce dai ta kumbura saboda ɗaukar kaya.

Takardarka ta iso bayan baƙi sun zo sun tafi. Ruwan sama ya cinye gadar hanya, motar ta daina shigowa, takardar na aljihun kwandasta. Da na karanta dabarar tabarmar sai na dafe kai. Ko da yake ban sani ba ko da za su yarda.

Da muka ji shiru daga wajenka, liman ya ce a rufe waɗanda suka bayyana kawai. Haka aka fara. To ka san mu. Da aka rufe ɗaya sai na kusa da shi ya zama abin kunya, kowa ya ce nasa ba zai zauna a haka ba. Mata muka ɗauki kwanduna muka riƙa jido ƙasa daga bayan gari. Maza suka daddatse kwakwar nan biyu suka jera gungumen a gindin gaɓar, aka binne su da yashi. Da aka ji ranar zuwan baƙi kuma sai abin ya zama na biki. Aka share, aka shafa wa duwatsun kan kabari farar ƙasa, aka kakkafa ganyen kwakwa. Masu gadin gandu ma ba su hana ba, har da taya mu, tunda iyayen gidansu ne za su zo. Ni da na kare ka a taro, ni na fi kowa jidar ƙasa, ba zan ɓoye maka ba.

Maza huɗu ne da mace ɗaya mai wando da malafa. Sun sauka lokacin da ruwa ya janye can nesa, sai ka yi tafiya kafin ka jiƙa ƙafa. Teku ya kwanta kamar bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Suka zaga, suka auna, suka ɗauki hoto. Aka shimfiɗa musu tabarma, ga shinkafar biki da kaji, ga ruwan ɗanyar kwakwa.

Suna cikin ci matar ta ce, "Mzee, ruwa yana damunku a nan?"

Ranar kunnen Mzee Pandu ya buɗe sarai. Ya ce, "Alhamdulillahi 'yata, muna cikin rufin asiri. Kai, a ƙara mata nama."

Vuai ya yunƙura zai yi magana, baffansa ya ja shi ta riga ya ce ba a kai wa baƙo ƙara hannunsa na cikin akushi, ya bari su wanke hannu. Kafin su wanke hannu mai jirginsu ya fara kira wai ruwa ya juyo. Na bi matar har bakin jirgi na riƙe hannunta. Ta tsaya tana kallona tana jira. Mwinjuma, bakina ya ƙi. Yaya zan dubi 'yar mutane da ban san uwarta ba in ce mata na ga ƙashin mijina? Sai na ce ta gaida gida.

Sun tafi suna ta godiya. Mzee Pandu ya ce mutanen da suka ci shinkafarmu haka ba za su ba wasu katanga ba. Ni dai tun ranar gabana yake faɗuwa. Me ka ji a mota?

Shangazinka,
Mwanaidi.

*

Dar es Salaam,
Agusta, 1997.

Shikamoo, Shangazi. Muna lafiya. Ki riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi.

Rahoto ya fito. Ni na ɗauko kwalayensa daga wurin bugawa, wata sakatariya ta bar ni na karanta shafin garinmu a tsaye. An yaba muku ƙwarai. An rubuta cewa mutanen Mkandaa abin koyi ne, sun kare gaɓarsu da hannunsu ba su jira gwamnati ba, wurin yana da kyau, babu gaggawa. Har da hotonki a ciki, kina tsaye a gefen fararen duwatsu da tsintsiya a hannu.

Katangar ta tafi matsayar jiragen baƙi. Na ji a mota cewa mai kula da wurin ya kai 'yan kwamitin duk inda ya tsage, ya sa ɗaya daga cikinsu ya taka katakon da ya ruɓe har ƙafarsa ta zurma. Ko ruwan sha bai ba su ba. Namu kuma an ce za a sake dubawa bayan shekara uku.

Na yi ƙarfin hali na gaya wa maigidana cewa yashin nan sabo ne, a ƙarƙashinsa rami ne. Ya ce, "Kai direba, mutum biyar masu digiri sun je sun gani, dattijon garinku da bakinsa ya ce lafiya lau. In rubuta cewa ƙarya ya yi?"

Na yi fushi da ku, ba zan ɓoye ba. Na rubuta wata takardar kafin wannan, Mwajabu ta karanta ta ce in yaga. Daga baya na tambayi kaina, da ni ne na ga ƙafar Mama a waje, zan bar ta saboda baƙi? Har yanzu ban ba kaina amsa ba.

Katanga dai babu ita. Abin da ya rage shi ne a kwashe su. Ki tambayi liman ko ya halatta a mai da su kan tudun bayan gari, kuma a yi kafin babbar cikar ruwa ta watan gobe. Na nemi hutu an ce sai Disamba. Ina roƙonki, in an fara, kada a bar Mama a baya don ɗanta ba ya nan.

Ɗanki,
Mwinjuma.

*

Mkandaa,
Satumba, 1997.

Marahaba. Muna nan dai.

Na karanta musu takardarka. Mzee Pandu ya tambayi Vuai me aka ce, Vuai ya ce, "An ce mun ci jarrabawa, Mzee." Daga baya wani ya gaya masa gaskiya, tun ranar ko masallaci sai an je an taso shi.

Liman ya ce ya halatta tunda lalura ce. Amma tudun ma ashe cikin gandu yake, ba a haƙa rami sai da takardar izini. Muka je ofishin masu gandu ni da liman, aka karɓe mu da mutunci, aka ba mu kujera, aka ce za a aika Dar, mu jira. Na ce wa ma'aikacin, "Ɗana, ni zan iya jira, ka je ka gaya wa ruwan." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Vuai ya ce mu haƙa kawai, in ɗauri ne a ɗaure mu. Dattawa suka ce mutanen da gwamnati ta yaba wa a littafi ba za su koma masu karya doka ba, a ƙara haƙuri. Yanzu kuma yawancin maza sun bi kifi kudu, sai tsofaffi da mata. Yashin da muka zuba ya fara zamewa, gungumen kwakwa sun leƙo.

Ba zan bar Mwatime a baya ba in ina numfashi.

Mwanaidi.

*

Dar es Salaam,
Oktoba, 1997.

Shikamoo, Shangazi.

Wannan ce ta uku da na aiko ban ji komai ba. Wani mai kawo busasshen kifi kasuwa ya ce mini ruwa ya shiga Mkandaa har ƙofar masallaci. Kwandasta ya ce bai sani ba, amma ya ƙi haɗa ido da ni. Na bincika maganar izinin, takardarku tana kan teburin wani da ya tafi kwas.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Kuna lafiya? Kun fitar da Mama?

Mwinjuma.

*

Mkandaa,
Nuwamba, 1997.

Marahaba, ɗana.

Takardunka duk sun iso. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni, da na tashi kuma na kasa rubutawa. Babu wanda ya mutu, gidaje biyu ne suka rushe. Ka gaida Mwajabu da yara.

Ruwan ya zo da rana tsaka, bayan azahar, da iska a bayansa, muna tsaye muna kallo. Yashin da muka sha wahalar jida bai tsaya ko kaɗan ba. Gungumen kwakwar da muka binne kuwa su suka fi yi mana ɓarna. Ruwa ya ɗaga su ya riƙa dukan gaɓar da su kamar ana daka a turmi. Sahu na farko ya tafi ranar. Washegari ya dawo ya ɗauki na biyu da rabin na uku.

Da ya janye muka bi shi, mata da tsofaffi da 'yan mazan da suka rage, kowa da kwando ko zane. Muka tsinci abin da muka tsinta a cikin yashi da ciyawar ruwa, wasu har can wajen da ake ɗaure kwalekwale. Mzee Pandu ya fito da sandarsa yana tsinta yana cewa, "Ku yafe mini, ku yafe mini," ban san ko da mu yake ko da su ba. Abin da aka samu bai kai rabin waɗanda suka tafi ba.

Liman ya sa aka haɗa su a likkafani ɗaya. Muka hau tudu muka haƙa, babu wanda ya ƙara tambayar izini. Masu gadin gandu suka zo suka tsaya, muka ɗauka hana mu za su yi. Babbansu ya cire hularsa ya karɓi fartanya daga hannun Vuai. Waɗanda suka rage a ƙasa ma muna kwaso su da kaɗan-kaɗan, in gwiwa ta bari.

Ka tambaye ni ko mun fitar da ita, kuma na yi maka alkawari. Ban sani ba, Mwinjuma. Ni na yi wa Mwatime wanka ranar da ta rasu, ni na ɗaure mata haɓa da hannuna. Na ɗauka ko cikin mutum dubu zan gane ta. Kafin a naɗe likkafanin na durƙusa na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ban gane ta ba. Faki ma ban gane shi ba.

In ka zo a Disamba zan kai ka tudun ka yi addu'arka a kan dukansu, wataƙila tana ciki. In ka gama sai ka juya ka fuskanci ruwa ka sake yi.

Shangazinka,
Mwanaidi.